Sunan da Na Faɗa wa Waya a Gonar Rake

Yanzu mun zo kan shekarar da na fi so ku ji labarinta daga bakina, domin an ba ku shi a karkace. Ku jikokina kuna ɗaukar wayata kuna dariya, kuna cewa Iya ta maƙale wa burauza mai nawa, wadda kafin ta buɗe shafi guda mutum ya je ya yi alwala ya dawo. Tsofaffin garin nan kuma, in na wuce, har yau akwai masu rage murya su ce waccan ce ta tsaya a gonar rake tana ƙwala wa ɗan farinta kira kamar mai neman akuya. Dariyarku da maganarsu daga wuri ɗaya suka fito, kuma ni kaɗai na san wurin. Ban yi boko ba, allon ma kaɗan na taɓa ina yarinya a Likoro kafin a kawo ni Dandamisa. Rabi ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. To Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana.

A gidan da na tashi, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke rugawa ba. Haka uwata ta yi, haka uwarta ta yi, ni ma da Allah ya ba ni namiji a haihuwar fari haka na yi. Ranar suna na lulluɓe kaina, na ji an raɗa sunan, na haɗiye shi, ya zauna a cikina. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Yana yaro ina ce masa yaron nan, da ya girma na koma ce masa wancan, da ya auri Hajara ya haihu sai na samu sauƙi, ina cewa uban su Rabi. Kada ku ɗauka rashin so ne. Ina sanin ƙarar takalminsa tun daga zaure, ina sanin ranar da bai ci ya ƙoshi ba. Baki ne kawai aka ɗaure.

Sana'arsa rake. Yana saye a gona, ya ɗaure, ya loda wa manyan motoci masu zuwa kudu. Wata shekara ya ce shi da kansa zai bi kayan, ya gaji da aika wasu. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya yi sallama, na amsa ina tsince shinkafa, ban ɗaga kai ba, haka ake yi. Ya tafi. Farko yana kiran Hajara a waya, daga baya wayar ta daina shiga. Ƙanensa Sabi'u ya bi tasha tasha, ya tambayi direbobi, ya duba intanet a lokacin, ya dawo da ƙura a ƙafa ba labari. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, aka sare rake aka sake dasawa. Malam, mahaifinsu, dama ya riga mu gidan gaskiya. Masu jaje in sun zo, ɗakin Hajara suke shiga, ko su zauna da Sabi'u a zaure. Ni sai a gaishe ni a wuce, don an san uwar ɗan fari ba ta nuna damuwa. Aka bar ni da kunyata, kamar ita za ta rarrashe ni. Zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in sake sharewa. In ɗora tukunya in manta na ɗora. Da na ji kukan babbar mota a titi sai in tsinci kaina a zaure da tsintsiya, wai shara na fito yi.

A shekarar da nake ba ku labari, yayyen Hajara suka zo daga Kurmin Kogi. Suka gaishe ni gaisuwa mai tsawo, gida, gona, jiki, har da awaki, sannan babbansu ya sunkuyar da kai.

“Iya, ba raini ya kawo mu ba. Yarinyar nan ta yi haƙuri, kowa shaida ne. Ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Bayan Babbar Sallah za mu je gaban alƙali a warware mata. Yaran kuma ƙanana ne, ƙafarta ƙafarsu.”

“Gaskiyarku ce,” na ce. “Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.”

Abin da bakina ya faɗa ke nan.  In Hajara ta tafi da yara, ɗakinsa ya zama wurin ajiye buhuna, kuma shi ke nan an rufe maganarsa ba gawa ba kabari. Ban iya ce wa Sabi'u ya sake dubawa ba. Ta yaya? Me zan ce masa ya duba, wa zan ce masa ya nema?

Ina da wayar shafawa da Sabi'u ya saya mini don in riƙa jin wa'azi da muryar 'yata da ke aure a Zariya. A wani gidan suna na ga wata mata ta kai wayarta bakinta ta tambaye ta yadda ake wani cincin, wayar ta amsa. Na ajiye wannan a raina. Ranar kasuwar Makarfi na ce zan je sayen daddawa, na zarce rumfar wani mai gyaran waya, magidanci mai furfura a gemu, yana zaune cikin wayoyi kamar mai sayar da ƙwai.

“Ɗan nan, so nake wayata ta riƙa jin magana irin ta mutane.”

“Mama, ai burauza za a sa miki. Ita ce ke shiga intanet ta nemo miki abin da kike so ta kawo.”

“Ɗan aike ke nan.”

“To, ɗan aike,” ya ce yana dariya. “Amma iri iri ne. Akwai mai sauri, ba ya cin data. Akwai mai nauyi, shi sai da haƙuri. Wanne za a sa?”

“Ka taɓa ɗaukar ɗan aiki ba ka gwada shi ba? Sa duka biyun.”

Ya sa, ya nuna mini alamar kowanne, ɗaya kamar walƙiya, ɗaya kamar bakin rijiya. Ya nuna mini wurin da zan taɓa in yi magana, wani ɗan hoto da na sa wa suna kunne. Tun a motar dawowa na raɗa musu suna, Ɗan-hanzari da Mai-nawa. Na goyi 'ya'ya, na riƙi na wasu, na san yadda ake gane yaron da za a aika. Ba a fara shi da babban saƙo. Sai na ce zan fara su da ƙananan aike, in ga ƙafar kowa, in ga fuskarsa, in ga ladabinsa.

Ɗan-hanzari, in faɗi gaskiyarsa, ƙafa gare shi. A cikin ɗakina, inda sabis ke zuwa kamar baƙo mai jin kunya, kafin in gyara zama ya je ya dawo. Ba ya sa waya zafi, ba ya shanye caji, datar da Sabi'u ke sa mini takan daɗe a hannunsa. Amma fuskarsa kasuwa ce. Rubutu ƙanana birjik, hotuna suna tsalle, wannan na kiranka wancan na kiranka, kuma abin da na bari a dama jiya yau sai in same shi a hagu. Ni da nake gane abu da mazauninsa, in an matsar da shi an ɓatar da ni. Kunnensa ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar gero, an matse shi kusa da talla. Yatsana kuwa yatsan da ya sha ɓarar gyaɗa da surfe ne, in na nufi kunne sai in taɓa maƙwabcinsa. Wata rana mahaifin matar Sabi'u ya zo gaishe ni, muna zaune, wayar tana kan tabarma, hannuna ya goge ta. Sai ga kiɗa ya ɓarke, ga wata mace ba zane ba ɗankwali tana karkaɗa jiki. Na danna nan, na danna can, ta ƙi tafiya. Na kifa ƙwarya a kanta, kiɗan yana fitowa ta ƙarƙashi. Bawan Allah ya kafa ido a kan bango yana tambayata yaya damina.

Wannan duka da zan jure. Abin da ya raba ni da shi biyu ne. Na farko, ba ya tsayawa ya ji saƙo. Ni ban iya fara magana da kowa ba sallama ba, ko da waya ce. Ina taɓa kunne in ce salamu alaikum, an wuni lafiya, kafin in ja numfashi ya zura da gudu, ya dawo mini da tulin gaisuwa da wa'azin sallama. Ko da na koyi barin gaisuwar, kuma abin ya yi mini ciwo, in na ɗan tsaya tsakiyar magana irin ta tsofaffi, ya tafi da rabi. Na biyu, hotunansa. Na aike shi ya kawo mini Ka'aba, ya kawo nan take, amma dishi-dishi, kamar ana kallonta ta cikin ruwan kunu. Mai gyara ya ce mini haka yake yi don kaya su yi masa sauƙin ɗauka, yana rage su a hanya. Na ce a raina, yaron da ke zubar da rabin kaya don ya riga kowa dawowa, ban ga amfanin saurinsa ba.

Mai-nawa kuwa fuskarsa kamar tsakar gidan da aka share da safe. Fari fes, layi ɗaya a tsakiya, kunne babba a gefe, kullum a wurin da na bar shi. In na taɓa, yana jira. In yi magana, in tsaya, in yi tari, in ci gaba, yana nan har in rufe baki. In ya dawo kuma yakan karanta mini abin da ya samo da wata irin Hausa ta baƙo, mai taurin harshe, amma ana ganewa. Hoto in ya kawo, daga sama yake saukowa a hankali kamar ana warware tabarma, amma in ya gama sauka har zaren rigar mutum kana gani. Laifinsa kuma ba ƙarami ba ne. Ci gare shi, data ba ta kwana biyu a hannunsa. Yana sa waya zafi kamar dutsen guga, ya shanye caji kafin azahar. Mafi muni, a cikin gida ba ya motsi ko kaɗan. Wani ɗan zobe ne zai yi ta juyawa, yana juyawa, har in gaji. Na zaga da shi ɗaki ɗaki, na je bayan rumbu, na tsaya kan turmi da tsufana. Wuri ɗaya na samu da yake tafiya, wani ɗan tudu a bakin gonar rakenmu, inda ake hango ƙarfen sabis daga nesa.

Ga inda maganar ta tsaya, ku duba da kyau. Mai saurin yana aiki a ɗaka, inda ba mai jina, amma ba ya sauraro kuma ba ya nuna fuska. Mai sauraron sai a fili. Sallah kuma tana matsowa, har an fara ɗaure raguna a ƙofar gidaje, Hajara ta fara wanke kwanukanta na jere tana sa su a buhu, a hankali, don kada in lura.

Da hantsi na ɗauki lauje kamar mai zuwa yankan ciyawa, na hau tudun. Na taɓa kunne. Mai-nawa yana jira. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka raɗa shi, ga shi yanzu mai shi har ya yi furfurar fari a gemu. Na rufe waya na sauko, na kai bakin hanya, na juyo. Na sake hawa. A karo na gaba na faɗe shi cikin raɗa, iska tana kaɗa ganyen rake, shuu, shuu, wayar ta ce ba ta ji ba, in sake. Na ƙara murya, ta ce in sake. Sai na runtse ido na faɗe shi da ƙarfi, da sunan mahaifinsa a haɗe, har na ji shi ya doki gonar ya dawo mini. Na zauna a ƙasa. Zoben ya yi ta juyawa. Ya kawo mini mutane masu irin sunan, wani mai babbar riga a kan kujera, wani ɗan ƙwallo, wani malami. Ba nawa a ciki.

Na koma washegari, na koma wanshekare. Kullum in kai caji shago, in karɓo, in hau tudu. Ina ƙara masa bayani kamar yadda ake yi wa yaro kwatance, in ce mai rake, in ce mutumin Makarfi, in ce ɗan Dandamisa. Abinci ya daina shiga mini. Matan da ke yankan ciyawa a fadama kuwa kunnuwansu ba a toshe suke ba. Magana ta zaga gari, ta haura har Likoro, sai ga yayata Kulu ta zo da kanta a kan babur, ko mayafinta ba ta cire ba.

“Asabe, abin da nake ji gaskiya ne? Ke ce a gona kina kiran ɗan fari da sunansa, gatsal, kowa na ji?”

“Yaya, ki zauna ki sha ruwa.”

“Ba ruwa ya kawo ni ba. Innarmu ta binne nata ɗan farin ba wanda ya ga hawayenta. Ke wace ce? Tsufa ne ya taɓa ki, ko wayar ce ta cinye miki kunya?”

“Inna ta ga gawar nata, Yaya. Ni ban ga komai ba.”

Ta juya ta fita. Ina jin tashin babur ɗin na ɗauki laujena na nufi gona, don in na zauna zan fasa.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah, na tuna kalmar da ake faɗa a rediyo in yaro ya ɓata. Na taɓa kunne na ce cigiya, sannan na faɗi sunan, na faɗi garin. Zoben ya juya, ya juya. Wayar ta yi zafi har ina sauya hannu, alamar caji ta koma ja. Sai hoto ya fara saukowa. Farko bangon wani masallaci. Sannan kai ba hula, an yi masa aski. Sannan goshi. A goshin nan, sama da girar hagu, akwai tabo kamar jinjirin wata, inda ƙahon saniya ya same shi yana ɗan shekara biyar, ranar da na tsaya riƙe da taɓarya kakarsa ta ruga ta ɗauke shi. Ban jira idanu sun sauko ba. Na sani. Muryar baƙon nan ta fara karantawa, wai Hausawan wani gari a kudu ne ke neman dangin wani bawan Allah da mota ta yi hatsari da shi, ya daɗe a asibiti, kansa ya taɓu, ba ya tuna komai sai sunansa da sunan wani gari da ba su san inda yake ba.

Ban san yadda na sauko daga tudun ba. Na bar laujen a can. Na riƙe wayar a tafin hannu kamar mai ɗauke da fitila a iska, ina tsoron in taɓa wani wuri ya ɓace. Na samu Hajara tana ɗaure bakin buhu. Ko a lokacin bakina ba zai iya kama sunan a gabanta ba. Na ɗora mata wayar a cinya. Ta duba, ta saki igiyar, kwanuka suka zube.

“Sabi'u! Sabi'u, kawo biro, akwai lamba a ƙasa, wayar za ta mutu!”

A bayan hannunsa ya rubuta lambar, yana gama rubutawa wayar ta ɗauke. Daga baya, don in cire wa kaina shakka, na sa shi ya buɗe mini wannan shafin da Ɗan-hanzari. Ya buɗe kafin ƙiftawar ido. Fuskar da ya kawo kamar an shafa ta da toka, ba tabo, ba gira, mutum ne kawai kamar kowa. Da shi na riƙe, da na wuce ɗana da yatsana ban sani ba. Ban ce mugu ba ne. Ku masu karatu da idanu, masu yatsu sirara, ku riƙe shi, zai yi muku. Ni dai na sa an cire mini shi a ranar.

Sabi'u ya yi Sallah a hanya, ya dawo da yayansa. Ba yadda ya tafi ya dawo ba, kun gan shi, yana jan ƙafa, magana tana zo masa a hankali, rake kuma sai dai ya zauna a bakin gona ya ga ana sara. Na kira Hajara na ce mata hanyar Kurmin Kogi a buɗe take har yanzu, ba wanda zai zarge ta. Ta ce ta ji, ta je ta kwance buhunanta ta mayar da jerenta. Yaya Kulu ta zo barka, ta shiga ɗakin Hajara, ta fito ta wuce ƙofata. Har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara cin tuwona ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta yi mini kitson aure. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ba na so ku ce ta yi laifi. Abin da aka ba ta ta riƙe, ta riƙe shi har ƙarshe.

Bayan ya warware kaɗan, wata la'asar ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, ya jawo ƙafarsa ya zauna nesa da ni kaɗan, yadda ya saba.

“Iya, an ce kin kira sunana.”

Na ci gaba da tankaɗe.

“An ce har fadama an ji. Kowa a garin nan ya ji, ni kaɗai ne ban ji ba.”

“Tashi ka je, ana kiran salla,” na ce.

Ya yi 'yar dariya, ya dafa bango ya miƙe. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara faɗa ba. Na faɗe shi lokacin da faɗarsa ke da aiki, ga wanda ya iya tsayawa ya ji har ƙarshe, aikin kuma ya ƙare.

Ga Rabi nan ta ɗaga biro tana dubana, wai a nan ya kamata a sa sunan don masu karatu su sani. Ke kin san sunan ubanki. In kin ga dama rubuta da hannunki, ni ba da bakina ba.